Majanyin Da Inna Ta Bari Rabi

Inna, ga wata hikaya da na shirya wa yara. Ke zan fara karanta wa.

A wani zamani, wata mata ta fara yi wa majanyin jikarta ado, zare kan zare a gicciye. Tana rabi, Allah ya yi mata rasuwa. Da aka haifi jikar, ɗanta ya ɗauki allura, ga suna saura kwana bakwai.

Ya ja zare da ƙarfi, ƙyalle ya tattare. Ya warware. Ya yanko zare dogo, zare ya sarƙe. Ya warware. Sai ya kai wa wata tsohuwa, ya ce, "Iya, ƙarasa mini, hannuna ya ƙi."

Ta ce, "Kai ɗan nan, ni da idona ya tafi? Juya bayan ƙyallen, uwarka za ta koya maka."

Ya juya. Babu ƙulli ko ɗaya, kowane bakin zare an cusa shi ƙarƙashin 'yan'uwansa. Ya duba gaba, duk zaren sama gefe guda ya kwanta. Ya yanko zare kamu ɗaya. Ya ƙirga, ya soka, ya ja a hankali. Ya ƙirga, ya soka, ya ja a hankali.

Ranar suna, yayarsa ta ɗaga majanyin ta ce, "Ashe Inna ta gama kafin ta tafi!" Ya sauke ajiyar zuciya.

Inna, jiya Yaya Dije ta goya jaririyar da shi. Inda hannunki ya tsaya nawa ya ɗora, ban gaya wa kowa ba tukuna.