Kiran da Baba Ya Amsa

Auta tana kan keken ɗinki tana haɗa hannun riga sai Baba ya faɗo falo ba sallama, hularsa a hannu.

"Sun kwashe! Komai sun kwashe!"

Umma ta fito daga kicin a guje. "Innalillahi! Su wa, Malam?"

"Daga banki nake. Jarin shagona kaf, babu! Ki tambayi 'yarki, wa ya riƙe wayata ranar Litinin?"

Ƙafar Auta ta tsaya a kan keke. Injiniya ne, saurayinta, mai gyaran waya a ƙarƙashin matattakalar benen kasuwa. Shi ya canza wa Baba sikirin, ya ƙi karɓar ko sisi. Saura mako biyar aurensu.

"Baba, wallahi ba zai—"

"Rufe mini baki!" in ji Yaya, babban wanta. "Masu gyaran nan duk hakas ne, masu kutse cikin wayar mutane. Dama na faɗa, wannan ladabin nasa ya yi yawa."

Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da Injiniya a gaban kwastomominsa. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta sa wa teburinsa kwaɗo, ta kuma manna sanarwa cewa duk mai gyara sai ya yi rajista, kuma kada kowa ya ba da wayarsa da sim a ciki.

A rana ta uku Auta ta samu ganinsa a ofishin 'yan sanda. Rigar da ta ɗinka masa ce a jikinsa, ta yi duƙun-duƙun. Ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Tela, kin ga yadda na lalata miki aiki?"

"Bar wasa. Ka dube ni ka faɗa mini gaskiya."

Ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Da Baba ya zo karɓar wayar, a gabana aka kira shi. Wai daga banki ne, za su rufe masa asusu in bai sabunta ba. Na ji yana karanto musu lambobi. Na ce, Baba, a kashe wayar nan. Ya ɗaga mini hannu, ya ce yaro, da manya nake magana."

Auta ta dafe bango. "Ka faɗa wa 'yan sanda?"

"Na ce musu ban ɗauka ba, na ce su duba kiran da ya shigo. Iyakar abin da zan iya ke nan. In tsaya in ce mahaifinki da bakinsa ya miƙa wa ɓarayi? Da wane ido zan gaishe shi gobe?"

"Ni kuma da wane ido zan riƙa kallonka a nan?"

"Ki yi haƙuri. Rekod ɗin kira ba ya ƙarya."

Da ta koma gida ta durƙusa gaban Baba, ta tambaye shi a hankali ko wani ya kira shi ranar. Baba ya miƙe tsaye.

"Ni za ki titsiye saboda ɓarawo? To na fasa! Babu aure!"

Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Amma ta ga abu ɗaya: bai ce ƙarya ne ba. Tun daga ranar bai ƙara cin abinci a falo ba.

Kwana goma sha ɗaya ana haka. Sai wata jami'a daga sashen laifukan intanet ta kira su ofis. Ta shimfiɗa takarda a gaban Baba, ta ɗora biro a kan layi ɗaya.

"Baba, minti bakwai kuka yi da mutumin nan. A cikin mintocin banki ya turo lambar sirri, aka shigar da ita daga wata waya can nesa. Wa ka ba?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Ba kai kaɗai ba ne," in ji ta, ta sassauta murya. "Cikin watan nan na zauna da likita, na zauna da lauya, duk a kan kujerar nan. Banki ba ya neman lambar sirri, ko da manaja ne ya kira."

"Yaron ne ya faɗa miki?"

"Na yi juyin duniya, ya ƙi. Ya ce kai uba ne a wurinsa."

Baba ya rufe fuskarsa da hula. Auta ba ta taɓa jin kukan mahaifinta ba sai ranar.

An saki Injiniya, amma kuɗin ba su dawo ba. Jami'ar ta ce sun bi ta asusu da yawa, ana dai bin sawu. Shagon Baba ya koma rabi, kwastomomin Injiniya da yawa ba su sake leƙo shi ba, ya kuma fito da tarin da ya yi wata biyu yana fama da shi.

Amma ranar da aka cire kwaɗon, Baba ya tsaya a kan matattakala, kasuwa cike, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ni na ba su lambar da bakina! Kunya ta sa na bar ɗan mutane a kulle. Ku shaida, na ba shi 'yata, in har yana so."

Injiniya ya durƙusa. "Baba, ai ban taɓa fasawa ba."

An yi auren ba wani taro, a ɗaki ɗaya suka fara zama. Ɓarawon waya dukiya kawai yake ɗauka, amma wanda ya ɓoye kuskurensa don gudun kunya, mutuncin marar laifi yake sacewa. Mai haƙuri kuwa, ko an rufe shi, gaskiya ta san inda yake.