Rumfar Gabas Ta Cika

Mai sharar titi ce ta fara ganinsa, kwance a gefen kwalta, bayan katangar filin ƙwallo. Ta ɗauka maye ne ya kayar da wani, har ta zungure shi da tsintsiya. Da ta ga bai motsa ba, ta yar da tsintsiyar ta kwasa a guje.

Kafin Sufeto ya iso, Saje ya riga ya kori masu leƙe ya lulluɓe gawar.

"Mota ce, yallaɓai," in ji Saje. "Ta kaɗe shi ta gudu. Direbobin yanzu ko kaza ba sa tsaya wa, balle tsoho."

Sufeto ya tsuguna ya ɗaga mayafin. Sai da ya dafa ƙasa.

Baba Mai Ganga ne, mai kaɗa wa magoya bayan kulob ɗin garin, kuma aminin mahaifinsa. Shi ke ɗora Sufeto a wuya yana yaro in fili ya cika. Tun da mahaifin ya rasu, duk ranar wasa sai tsohon ya bugo waya: "Ɗana, kujerar babanka tana nan ba kowa." Jiya ma ya bugo. Sufeto na kishingiɗe a falo, fanka na kaɗawa, ana shirin take wasa a talabijin. Ya kalli wayar har ta gaji ta katse.

Ya ɗaga kai ya dubi kwalta.

"Saje, ina gilashin da ya fashe? Ina sawun burki?"

"Babu, yallaɓai."

"Juya min shi."

Bayan rigar tsohon fari fat yake da farar ƙasa, irin wadda ake zana layin fili da ita. Kuma ba ganga a kusa. Mutumin da ko gidan biki da gangarsa yake zuwa.

'Yar marigayin ce ta buɗe musu ƙofa, idonta ya kumbura. Ta zaunar da su a ɗakin mahaifinta, inda tutocin kulob suka rufe bango.

"Yaya, kai suka turo?" ta ce. "Gara kai."

Sufeto ya kasa haɗa ido da ita. "Yaushe kuka yi magana ta ƙarshe?"

"Da aka tafi hutun rabin lokaci. Yana ta murna. Ya ce in kunna talabijin, yau zan gan shi, an kwashe su duka an mai da su rumfar gabas."

"Gabas? Wadda injiniyoyi suka rufe?"

"Haka ya ce. Har ya ce da ka zo da kai ma an nuno ka."

Sufeto ya tuna. Jiya kam ya ga rumfa cike maƙil a talabijin, har ya ƙwala wa matarsa kira daga falo ya ce, "Zo ki gani, ashe mutane sun dawo fili!" Ya ji daɗi ƙwarai, kamar wanda wasu suka sauke masa kaya.

Manajan kulob ɗin tsohon ɗan wasa ne, har yanzu Kyaftin kowa ke ce masa. Ya tarbe su a ofis, ido jajir, gemu ba gyara.

"Ban runtsa ba tun da na ji," ya ce. "Baba uba ne a wurina."

"Tun da ka ji? Ai da safen nan aka tsinci gawar."

Kyaftin ya shafa fuska. "Ina nufin... hankalina bai kwanta ba."

"Wa ya buɗe rumfar gabas?"

"Su suka fasa kwado suka shiga. Ka san magoya baya, in sun taso ba mai tare su."

"Mutum nawa ne suka taso?"

Kyaftin ya yi wata dariya marar daɗi ya nuna taga. Rumfuna uku ne a tsaye, kujeru sun koɗe, ciyawa ta fito a tsakanin matakala.

"Sufeto, masu kallonmu a gida sun ninka na bara. Gidan talabijin har lambar yabo suka ba mu. Amma a nan, in ɗan wasa ya yi tari sai an ji a ɗaya ƙarshen. Kowa na son kulob, amma daga kan kujerar falonsa."

Sufeto ya ji maganar ta sauka masa a ƙirji.

"Ka ga fitar Baba?"

"Na gani. Ta babbar ƙofa ya fita, har na ɗaga masa hannu."

"Da gangarsa?"

"Da gangarsa."

A gidan talabijin, daraktar shirin wasanni ta bar su a tsaye, tana danna waya.

"Mu ɗauka kawai muke yi," ta ce. "Inda mutum ya zauna ba ruwanmu."

"To nuna min abin da kuka ɗauka kafin a take wasa."

"Wannan ba ma ajiyewa."

"Saje, kira mota a kwashe na'urorin nan duka, mu duba da kanmu a caji ofis."

Nan take ta tuna inda aka ajiye.

A hoton, ba wanda ya fasa komai. Mai gadi ne ya sa makulli ya buɗe kwado, Kyaftin na tsaye yana nuna wa mutane hanya, ana kwaso su daga sauran rumfunan ana cusa su a guda ɗaya, wadda ke fuskantar kyamara.

"Wa ya kawo wannan dabara?" in ji Sufeto.

Ta ajiye wayar. Muryarta ta sauka. "Masu talla ne suka ce kujeru ba kowa suna kashe musu kasuwa. Na ce wa Kyaftin ya san yadda zai yi ya cika min inda kyamara ke kallo, ko mu koma wa wani kulob ɗin. Wallahi ban san rumfar ba ta da lafiya ba."

"Kin tambaya?"

Ta kawar da kai.

"Kai mu ƙarshe."

An tashi wasa, mutane sun sauka. Mutum ɗaya ya rage a can sama yana ɗaure gangarsa. Ya rataya ta a kafaɗa, ya dubi cunkoson ƙofar gaba, sai ya juya ya nufi matakalar baya. Daga nan hoto ya yanke.

Suka koma fili. Matakalar baya ba mai binta. Sufeto ya hau a hankali, siminti na zubowa a ƙarƙashin takalminsa. A kwanar sama, ƙarfen dafawa ya karye daga tushe, an mai da shi an ɗaure da sabuwar waya mai ƙyalli. Ya leƙa ƙasa, sai da kansa ya juya. An watsa yashi a daidai wurin da mutum zai faɗa.

A gefe akwai ɗan sito. Ciki ga buhunan farar ƙasa, ga baron da ake turawa a zana layi, an wanke shi tas.

Mai gadi na tsaye yana murza hula.

"Wa ya wanke baro?"

"Ni ne, yallaɓai. Kullum ina wankewa."

Saje ya dubi sauran kayan siton, tsatsa da ƙura sun yi musu riga. "Kai da ko butarka ba ka wankewa?"

"Malam," in ji Sufeto, "Baba ya taɓa wuce ka bai gaishe ka ba?"

Mai gadi ya daina murza hular. "Bai taɓa ba." Ya sunkuyar da kai. "Jiya ana tashi Kyaftin ya karɓi makullin sito ya ce in tafi gida in huta. Ni da ba a taɓa ce min in huta ba. Na ga jikinsa na ɓari, amma na tafi. Da na tsaya..."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Likitan da ya duba gawar ne.

"Ba mota ba ce, daga sama ya faɗo," in ji likita. "Kuma bai mutu nan take ba. Jini ne ya zuba a ciki a hankali. Da an kawo shi da wuri, da wataƙila yanzu yana ba ku labarin da bakinsa."

Sun sami Kyaftin a wurin ajiye motoci, zaune a mazaunin direba, mota a kashe.

"Buɗe but ɗin motar," in ji Sufeto.

Bai yi gardama ba. Ya fito ya buɗe. Gangar na ciki, fatarta ta yage, an naɗe ta da tsohuwar rigar wasa. Kujerar baya kuma duk farar ƙasa ce.

"Na kai ta bakin rafi in jefa," in ji Kyaftin. "Hannuna ya ƙi. Da ita ya raka ni ranar da na fara buga wa kulob ɗin nan."

"Faɗa min tun daga farko."

Ya jingina da mota. "Injiniya ya ce kar a hau. Na ce wasa ɗaya ne, kujerun gaba lafiyarsu ƙalau, ba mai bin baya. In talabijin suka tafi kulob ya mutu, Sufeto, yara su koma zaman banza. Da aka watse na zagaya in kulle, sai na ji nishi. Na ɗauko baro na turo shi zuwa mota. Wallahi asibiti na nufa."

"Asibiti na hannun dama in ka fita. An tsince shi a hagu."

"Na kai har ƙofar asibitin." Hawaye ya gangaro masa cikin gemu. "Na ga fitilun, na ga masu gadi. Na ce yanzu za a tambaye ni ina ya faɗo. A rufe fili, a kore mu daga gasa, a ɗaure ni. Na ce bari in zagaya sau ɗaya in shirya abin da zan faɗa. Na zagaya. Na sake zagayawa. Ina ta zagaye, har na daina jin numfashinsa a baya."

Saje ya tofar da yawu gefe ya juya baya.

"Ya san kai ne?" in ji Sufeto.

Kyaftin ya share hawaye. "Da na ɗaga shi ya buɗe ido. Ya ce, 'Kyaftin, kai ne? To na tsira.' Sai ya saki jikinsa ya rufe ido."

Sufeto ya ciro ankwa. Hannunsa ya yi nauyi, sai da Kyaftin ya miƙo nasa hannuwan da kansa ya haɗa su.

'Yan wasa na atisaye a fili. Da suka ga an fito da manajansu, ƙwallo ta gangara ba wanda ya bi ta. Kyaftin bai ɗaga kai ba har aka sa shi a bayan motar 'yan sanda.

Saje ya rufe ƙofa ya matso kusa. "Yallaɓai, yarinyar nan za ta tambaya ko ya sha wuya. Me zan ce mata?"

"Ba kai za ka je ba," in ji Sufeto. "Kai shi caji ofis. Ni zan je."

"Za ka faɗa mata duka?"

"Duka. An yi wa gidan nan ƙarya ta isa."

Mota ta tashi. Sufeto ya tsaya har ta ɓace a kwana, sannan ya cire hularsa ya kama hanyar gidan a ƙafa.