Jarirai a Tankin Maza

Ƙarfe tara na safe wani dattijo ya faɗo ofishin 'yan sanda, ko maɓallin rigarsa bai gama sawa ba, ya ce an sace masa kifi uku. Kofur ya danne dariya. Sufeto kuwa bai yi dariya ba, ya ɗauki hularsa.

A mota dattijon ya kasa zama wuri ɗaya. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, kuma shekara bakwai ke nan yana kiwon gufi, ƙananan kifin nan masu faffaɗar wutsiya da ba sa ƙwai, haihuwa suke yi. Shi da marigayiyar matarsa suka yi ta zaɓe da haɗi har suka samu wani shuɗi mai ɗaukar ido. Kifaye mata uku kaɗai suka rage masu wannan jinin, dukansu da tsohon ciki, su ne kuma aka sace. In ruwansu ya yi sanyi ko iska ta yanke, shi ke nan.

Tankin gilashin na falo, famfon iska na ta kumfa. Sufeto ya kewaya shi sau biyu. Ba a fasa ƙofa ba. An mayar da murfi, an ɗauraye 'yar ragar kamun an rataye. Mazan, masu kyan launi, ko ɗaya ba a taɓa ba. Ya gane wanda ya yi wannan ya san kifi.

'Yar dattijon ta rantse jiya ko ƙofa ba ta leƙa ba tun da Baba ya tafi asibiti.

Sufeto ya ɗago wata takarda daga kan tebur. "Mai kawo gas ya rubuta ya zo ƙarfe huɗu, ya yi ta bugu bai sami kowa ba."

Ta sunkuyar da kai. Wajen tela ta je, awa ɗaya tak. Makullin kuwa ta bar wa Kawu mai gyaran agogo, aminin Baba da ke hawan ƙasa, ko da Baba zai riga ta dawowa.

Sufeto ya sauka bene da sassarfa, dattijon da Kofur na biye. Mai agogo ya tarbe su da fara'a, ya ce makulli tun da aka ba shi yana rataye a ƙusa har yarinya ta dawo. Shi ma yana da tanki a lungu, amma maza zalla, in ji shi, don ba ya son wahalar haihuwa.

Agogai sai ƙyas-ƙyas suke ta kowane gefe. Sufeto ya ƙi zama. Ya je taga ya dawo, sannan ya tsuguna gaban tankin. Cikin ciyawar ruwa wani abu ya motsa, bai kai ƙwayar shinkafa ba, duk ido ne. Sai wani, sai wani. Yana kallo wani namiji ya bi ɗaya ya haɗiye.

"Kawu, maza zalla ka ce?"

"Haka ne, Yallaɓai."

"To waɗannan wa ya haife su?"

Mai agogo ya saci kallon banɗaki. Kofur ya tura ƙofar banɗaki, sai ga bokiti an lulluɓe da tawul. Uwayen uku na ciki, ɗaya cikinta ya saɓe.

Mai agogo bai ƙara musu ba. A tankin ya sa su suka kwana, ɗaya ta haihu da safe, da ya hango motar 'yan sanda ya kwashe uwayen, jariran suka gagare shi kamu.

"Ni na ba su namiji da macen farko," ya ce. "Sau uku ina roƙonsa mace ɗaya. Ya ce ta matarsa ce, ba ya bayarwa."

Dattijon ko kallonsa bai yi ba. Ya riga ya durƙusa da kofin shayi yana tsamo jariran ɗaya bayan ɗaya kafin mazan su gama da su.

Kofur ya sa wa mai agogo ankwa. A bakin ƙofa mai agogo ya waiwayo wajen dattijon.

"Ruwan bokitin ya yi sanyi. Ka ƙara na ɗumi kaɗan-kaɗan."

Dattijon ya ɗan tsaya, kofi a hannu. Sannan ya ce wa 'yarsa ta hau ta ɗora ruwa, aka wuce da amininsa mota.