Takardar Aikin da Na Mayar

"Maimaita abin da kika ce!"

"Na ce ba zan je ba, Dogo..."

Muna tsaye a barandar ofishin ɗaukar ma'aikata, kowannenmu riƙe da farar ambulan. Wata tara ke nan da muka gama makarantar koyon aikin jinya, ni da shi, aji ɗaya, benci ɗaya. Wata tara muna yawon kai takardu har takalmina ya buɗe baki. Duk asibitin da muka je sai a ce mai gogewar shekara biyu suke nema. Dogo ya taɓa tambayar wata sakatariya, "Don Allah a wace kasuwa ake sayar da gogewar nan, mu je mu sayo?" Korar mu ta yi.

Sai ga wakilan wani babban asibiti sun zo garinmu ɗaukar ma'aikata. Suka ɗauke mu mu biyu, har da gidan zama. Amma zuwa garin da asibitin yake tafiyar kwana biyu ce a mota.

"Abbanki da bakinsa ya ce in kawo takardar aiki a yi maganar aurenmu. Ga ta! Ga taki! Me kuma ya rage, Gajeriyata?"

"Umma fa?"

Ya san komai. Kwana huɗu bayan intabiyu Umma ta faɗi a kicin, hawan jini ya shanye mata ɓarin dama, ya tafi da maganarta.

"Mu tafi da ita."

"Likita ya ce ba za ta jure hanyar ba."

"To a samo mai kula da ita! Ni zan..."

"Dogo, ni ce nas ɗin! In bar uwata a hannun wata, in tafi in riƙa juya iyayen wasu?"

Idanunsa suka kaɗa. "Ni kuma ƙannena biyar suna kallon hannuna. Ba zan iya mayar da wannan takardar ba, wallahi ba zan iya ba..."

"Ban ce ka mayar ba."

Na koma cikin ofishin na ajiye ambulan ɗina a kan teburi. Matar da ke zaune ta cire tabarau ta kalle ni. "Kin san mutum nawa ne suka nemi gurbin nan?" Na ce na sani. Da na fito, Dogo ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na rawa.

A gida Abba faɗa ya yi mini.

"Auta, ba don ki zauna a ɗaki na tura ki karatu ba. Ki koma ki karɓo takardarki. Ni zan kula da ita."

"Abba, jiya a kwance ka ba ta ruwa, ta ƙware har fuskarta ta canza kala."

Ya sunkuyar da kai. Tsohon tela ne, idonsa ko zare ba ya iya zurawa a allura yanzu. Yayana kuwa direban babbar mota ne, sau ɗaya a wata muke ganinsa. Wa zai riƙa juya Umma duk bayan awa biyu? Wa zai duba dugaduganta da bayanta kada gyambon kwanciya ya kama ta? Umma na kallon mu daga kan gado, bakinta a karkace, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Ta ɗaga hannun hagu tana nuna mini ƙofa. Na kama hannun na mayar ƙarƙashin bargo.

Ranar da Dogo zai tafi, da safe na raka shi tasha.

"Wata shida," ya ce. "Umma za ta miƙe. Zan roƙe su su ajiye miki gurbi."

"Allah ya sa."

"Ki kalle ni mana, zuciyata..."

Ban iya ba. Jakarsa na tsaya kallo har aka ɗaure ta a saman mota.

Bayan sati biyu na samu aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙarshen layinmu. Gado uku ne, fanka ɗaya, da wata tsohuwar nas da kowa ke kira Sista. Ko takarduna ba ta buɗe ba. Ta nuna mini wani tsoho da gudawa ta tsotse.

"Sa masa ƙarin ruwa in gani."

Jijiyoyinsa sun ɓuya. Na ɗaure hannun, na shafa, na jira, na soka sau ɗaya. Ruwa ya fara ɗiga.

"Gobe ƙarfe bakwai," in ji Sista. "Kuma na ji labarin mahaifiyarki. Duk awa biyu ki ruga ki juya ta ki dawo, ban hana ba."

Aikina na farko ke nan. Na shiga banɗaki na yi kuka ba sauti, na wanke fuska na fito.

Da farko kullum Dogo sai ya kira. Ya ba ni labarin injinan da a littafi kawai muka taɓa gani, ni kuma in ce masa yau Umma ta motsa babban yatsa. Wata shida suka wuce, ba ta miƙe ba. Gurbin nawa aka ba wata. Shekara ta cika, ta ɗora rabi.

Wata rana da azahar ya kira ina wanke almakashi.

"Innata ta kafe sai na yi aure, Gajeriyata. Ta ce na daɗe ni kaɗai a garin mutane. Ki ba ni lokaci, ko shekara biyu ne, in samu abin faɗa mata. Yaushe za ki zo?"

Yaushe? Ni na fi kowa sanin ciwon nan. Ba shi da rana.

"Ba ni da lokacin da zan ba ka, Dogo. Na yafe maka alkawarin."

"Kada ki yi mini haka!"

"Ka yi wa Inna biyayya. Ni ma abin da nake yi ke nan."

Muka daɗe kowa na jin kukan ɗan'uwansa, har na kashe wayar.

Bayan wata uku aka ɗaura masa aure. Ban faɗa wa kowa a gida ba.

Ranar wata Laraba na rugo daga aiki in juya Umma. Na tallafo kafaɗarta, na gyara matashi, ina shafa mata mai a baya, sai na ji wani sauti kamar ana jan kujera.

"Au... ta."

Kwalbar man ta suɓuce daga hannuna.

"Abba! Abba, zo! Umma ta yi magana!"

Ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya, yana ta hamdala. Umma ta riƙe gefen farar rigata, tana kokawa da harshenta, gumi na tsattsafo mata a goshi.

"Na... ji sauƙi. Ki... kira Dogo. Ki... tafi."

Na durƙusa a gaban gadon. Kusan shekara biyu nake roƙon Allah ya ji ƙaina in sake jin wannan muryar.

"Umma, ya yi aure..."

Ta rufe ido. Ta jawo kaina da hannunta mai lafiya ta kwantar a ƙirjinta, muka yi ta kuka, Abba na tsaye a bakin ƙofa ya rasa wadda zai rarrasa.