Raƙumin Iska na Alasan

Ranar kasuwar Matameye ce, a shekarun da motar kamiyo ta fara jigilar gyaɗa, Baiwa na zaune tana saida rake sai ta ji "fau!" a bayanta. Ta zabura, rake ya watse.

"Wane mai neman magana ne wannan?"

Alasan ne mai gyaran keke, tsaye da tsumma a hannu, kunya kamar ta kashe shi. Ledar da ake ƙunso kaya daga Kano yake tsinta, lokacin ko sunanta ba mu sani ba, ya yanka, ya liƙe bakin da wuƙa mai zafi, ya hura da famfon keke, ta yi siffar dabba ko tsuntsu.

"Jimina ce," ya ce.

"Allah ya jiƙan jimina," ta ce, dariya ta ƙwace mata.

Shi ke nan fa, 'ya'yana! Tun daga ranar Alasan ya zama mashayin rake, ita kuma ta laƙaba masa Sarkin Iska.

Amma mahaifinta, Sallau baduku, ya fi son Manu mai awon gyaɗa ya aure ta. Da Alasan ya durƙusa gabansa, sai ya ce, "Ni salkar da na ɗinka jika ke gado. Kai iska kake ɗurawa. Yi abin da zai tsaya daga hantsi zuwa la'asar ranar kasuwa, ka turo manyanka. In ya fashe, kada in ƙara ganinka a ƙofata."

Sau biyu Alasan yana gwadawa a gida, duk da azahar suke fashewa. Ya rubuta da ajami, ya ba Habsatu, gwaggon Baiwa, ta kai mata:

"Sanyin idona, rana ta cinye min biyu. Leda ɗaya ta rage."

Amsa ta zo: "Sarkin Iska, ninka bakin sau biyu kafin ka ɗora wuƙa, yadda Baba ke yi wa salka. Kuma daina cika shi tam da safe, zafi ne ke kumbura shi. Ni dai kai nake jira."

Ranar kasuwa ya ɗaure raƙumin leda, tsawon mutum, a turken rumfarsa. Duk ya yamutse, wuya a langaɓe.

"Alasan, ba ka ba shi dusa ba ne?" in ji Manu. Kasuwa ta kwashe da dariya.

Hannun Alasan ya kai ga famfo. Baiwa ta watso masa harara daga inda take, ya janye.

Rana ta take. Wayyo, sai ga tozo ya fara cika! Wuya ya miƙe a hankali, kai ya ɗago sama. Mata na guɗa, masu rake sun bar rake, Alasan kuwa gumi kawai yake, yana jiran "fau!"

Har aka kira la'asar ba a ji ta ba.

Sallau ya matso, ya bi liƙin da ɗan yatsa.

"Wannan ninkin na gidana ne. Wa ya koya maka?"

Alasan ya sunkuyar da kai. Baiwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

"To," in ji Sallau, yana danne murmushi, "tunda sana'ar gidana ta fita waje, gara mai ita ya shigo ciki. Turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Sallau da kansa ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku ga jikoki." Jama'a suka amsa da amin.