Layar da Ta Yi Ƙara a Jibiya

Ranar Litinin Hajiya Madina ta Ƙofar Durɓi ta kawo ƙara, an sace mata sarƙar gwal da 'yan kunne. Ranar Laraba da hantsi aka bugo wa Sufeto Sada waya daga iyakar Jibiya: ga gwal nan an samu, ɗinke cikin jakar goyon wata matafiya.

Kafin azahar matafiyar na zaune gabansa. Hafsat sunanta, malamar firamare a Kambarawa.

"Ina za ki?"

"Maraɗi, daga nan Damagaram. Motar haya, ɗaki mafi araha."

"Wurin wa?"

"Ba wurin kowa ba. Ganin ƙasa za ni."

"Mace, ke kaɗai?"

"Yallaɓai, tambayar gwal za ka yi mini ko ta aure?"

Sada ya haɗiye murmushi. "In ban gano wanda ya ɗinke shi ba, gobe kotu, aikinki kuma ya tafi."

"To ka gano shi. Ban ɗauka ba, kuma ba zan yi kuka don ka yarda ba."

Ya jawo jakar. A ƙarƙashin shafinta aka ɓoye laya. Ita ce ta sa na'urar bincike ƙara, jami'ai suka farke ta suka tarar da gwal maimakon rubutu. Sada ya jujjuya ta. Ba fata ba ce, leda ce ruwan goro irin ta kujerar mota, ɗinkin kuma na keke. Wane baduku ne ke ɗinka laya da keke?

Ya nufi gidan su Hafsat. Bayan doguwar gaisuwa, mahaifiyarta Inna Kulu ta ce ita ko taɓa jakar ba ta yi ba.

Ya ajiye layar bisa tabarma. "Inna, ɗiyarki za ta kwana a sel."

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Ni na sa a yi! Yarinyar ga ba ta yarda da laya, in na ba ta a hannu ajiyewa za ta yi. Tana makaranta na ba Mati jakar, ɗan maƙwabtanmu, ya ce ya san malami."

"Sana'arsa?"

"Ɗinkin kujerun mota. Yaron kirki, har masaukinta na Maraɗi ya tambaye ni, wai zai sa a kula da ita."

A shagonsa na Ƙofar Ƙwaya, Mati ya yi tsaye ya rantse.

"Wani baduku na kai wa a kasuwa. Wallahi na manta fuskarsa."

Sada bai yi musu ba. Ya buga wa Hajiya Madina waya ya ce ta zo shagon da motarta. Da ta iso ya buɗe ƙofar baya. Kujeru sababbi fil, ruwan goro.

"Hajiya, wa ya yi miki aikin nan?"

"Shi mana, ranar Asabar." Sai ta kama baki. "Innalillahi! Da na dawo biki, a aljihun kujera na cusa gwal ɗin!"

Sada ya duƙa ƙarƙashin keken ɗinki ya zaro ragowar leda. An yanke wani gefe. Ya shimfiɗa layar a gurbin, ta zauna daram.

Nan Mati ya amsa laifinsa.

"Duk mai sayen gwal a garin nan ya san kayan Hajiya. Na ce in bi Hafsat Maraɗi gobe in zare abina in sayar can. Yallaɓai, wa ke buɗe laya?"

Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota.

A ofis, da aka saki Hafsat, Inna Kulu ta riƙe hannun 'yarta. "Ki haƙura da tafiyar ga. Kin dai ga ishara."

Hafsat ta durƙusa. "Inna, ki yi mini addu'a da bakinki. Ita na'ura ba ta kama ta."

Ta miƙe ta karɓi fasfonta, ta kai hannu ga jakar.

"Wannan shaida ce," in ji Sada. "Sai an gama shari'a."

Hafsat ta dube shi, ta dubi agogon bango. Ta leƙa waje ta sayi buhu wurin mai shago, ta juye kayanta ciki, ta ɗaure bakin da igiya, ta saɓa a kafaɗa.

"Ku riƙe jakar. Motar Jibiya ba ta jira."