Rubutun da Ke Jikin Ƙota

Magaribar ranar ta sauka a Saint-Fons kamar ta kullum. Hayaƙin masana'antu ya haɗu da hazon kogi, ya lulluɓe tagogi tun lokacin salla bai yi ba. A hawa na shida, Mounkaila yana zaune a ƙasa kan tsohuwar jarida, bindiga a cinyarsa, matarsa Hassia tana tuƙa tuwon masara a kicin.

Da rana Mounkaila lebura ne a masana'antar sinadarai. Da yamma kuwa yakan zama likitan tsofaffin bindigogin soja. Guda biyar ya tara a shekara takwas, duk waɗanda aka toshe wa baki, ba mai iya tashi. Yakan kwance su, ya jiƙa ƙarfen cikin kananzir har tsatsa ta saki, ya shafe itacen da mai har ya yi sheƙi. Wannan ta shida ce. A kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen ya samo ta, a Paris, farkon kakar 1984, mai sayarwa ya ce irinta baƙaƙen sojoji suka riƙe a yaƙin Jamus.

Aibinta ɗaya: gefen ƙotarta duk zane-zanen wuƙa ne, baƙin datti ya cike su.

Hassia ta leƙo da muciya a hannu. "Soja marar harsashi, wannan fa kamar rubutu ne."

"Ƙarzuna ne kawai. Ke dai bari ki ga yadda za ta fito, kamar amarya."

"To, a gaida kishiyar katako."

Lakwal ya yi, makarantar boko, bai taɓa koyon ajami ba. Ya ɗauki takarda mai yashi ya shiga gogewa. Layi bayan layi zanen ya zama gari a kan jarida. Da ya gama ya hure, ya shafa mai. A daidai nan wani abu ya faɗo tsakiyar ɗaki, ya gangara ya tsaya jikin ƙafarsa. Tsakuwa ce ja, irin ta fakon gida, kuma da ɗuminta kamar yanzu aka ɗauko ta daga rana. Tagogi duk a rufe suke.

Daga ranar, kowace magariba sai tsakuwa ta zubo. Ranar farko ɗaya, ranar huɗu har cikin tukunya. Sai aka fara jin takun takalma masu nauyi a baranda, daga ƙofa zuwa banɗaki, a juya, a dawo. Maƙwabciyarsu ta ƙasa ta hau ta yi musu faɗa a kan hayaniya, ta ga su biyu zaune ƙafa ba takalmi, takun yana wucewa ta gabanta. Ba ta sake hawowa ba.

A mako na biyu Hassia ta daina cin abinci. Da rana ta faɗi sai ta miƙe tsaye jikin ƙofa, ƙafafu a haɗe, ido a buɗe, ba ta motsi sai an yi isha'i. Mounkaila ya kai ta asibiti, suka ba ta ƙwayoyin barci. Ya mayar da bindigar Paris, mai shagon ya ƙi karɓa. Ya jefa ta kogi, washegari da magariba ya tarar da ita a rataye cikin ƴan'uwanta, a bushe. Awarwaron Hassia ya fara zamewa har gwiwar hannu. Matar da ya bi shekara uku kafin iyayenta su yarda, wadda ta bar Tawa da kowa nata ta biyo shi ƙasar sanyi, tana narkewa a gabansa kamar kitse a wuta.

Wani abokin aikinsa ya ba shi lambar Malam Illiassou, dattijon Damagaram da ke Clichy-sous-Bois, gefen Paris. Malamin ya hau jirgin ƙasa ya iso ranar Asabar da la'asar. Ya duba ƙotar, ya shafa ta da yatsa ya daɗe.

"Ɗana, me ke nan wurin da?"

"Zane ne, Malam. Na goge."

Malam ya ajiye bindigar. Ya yi alwala, ya zauna yana jiran rana.

Da rana ta faɗi, Hassia ta miƙe. Malam ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Tsakuwa ta yi ta zuba a kan rawaninsa bai ɗago ba. Can sai bakinta ya buɗe, muryar tsoho ta fito, a dishe, da Hausar Adar ta mutanen da.

"Ya isa, Malam. Ni ma Musulmi ne."

"To bawan Allah, me ya kawo ka jikin matar mutane?"

"Sanyi." Muryar ta ci gaba: "Ranar da aka ɗauki Maazou, mai bindigar nan, soja, uwarsa ta sa aka rubuta mini ɗaki jikin itacen nan, in tsare mata shi. Na tsare shi cikin ruwa, na tsare shi cikin wuta. Ran da sojan Jamus suka kama su, aka ce kowa shi aje bindiga. Ya aje ni ƙasa. Taki goma tsakaninmu aka harbe shi, ina kallo. Shekara arba'in da huɗu ina cikin rubutun nan, gumin hannunsa ne ɗumina. Wannan ya zo ya goge, don ta yi kyau."

Mounkaila ya durƙusa. "Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka kai yau ba."

Malam ya ce zai sake rubuta masa wani. Muryar ta ce rubutu ana sakewa, gumin mamaci fa? Ya ce za a kai shi gida Adar. Ta ce da wace fuska, ya fito da ɗan mutane ya koma babu shi? Ya yi tayin rago, ya yi tayin turare. Muryar ta yi wata ƴar dariya mai kama da tari.

"Zan tahi inda aka bizne su, in kwanta kusa da shi. Amma ba ni tahiya tsirara. Na iske wuri guda mai ɗumi cikin zuciyar yarinyar nan, inda ta aje mijinta. Shi zan ɗauka in yi bargo. In ya ƙi, in zauna. Ita kuwa ba ta kai ƙarshen sanyin bana."

Malam ya koma karatu, ya yi har muryarsa ta shaƙe. Jini ya fara ɗiga daga hancin Hassia. Sai ya tsaya, ya juyo.

"In na matsa, ita za ta karye kafin shi. Iyakar sanina ke nan, ɗana. Magana tana wurinka."

Mounkaila ya dubi fuskarta. Ya so ya faɗa mata wani abu tun tana da inda za ta ajiye shi, amma ba ita ke tsaye a wurin ba. Ya sunkuyar da kai.

"Ɗauka."

Hassia ta yi atishawa sau uku ta sulale ƙasa. Takun takalma ya ratsa baranda, ya sauka matakala, hawa bayan hawa, har ya ɓace.

Da ta farka idonta garau. Ta san sunanta, ta san na uwarta da unguwarsu a Tawa. Ta ga Mounkaila kusa da ita, ta yi sauri ta ja mayafi ta rufe kai, ta matsa wajen Malam. Ta ce yunwa take ji.

Mounkaila ya shiga kicin ya ɗumama miya, ya kawo ya ajiye a gabanta. Ta ci sosai, ta side yatsu. Sannan ta dubi labule, da tukwane, da zanen da ke rataye a ƙofa, ta yi magana cikin ladabi, ba tare da ta kalle shi ba.

"Na gode, bawan Allah. Matar gidan ba ta nan ne?"

Mounkaila ya sunkuya ya ɗauki kwanon.

"Ta yi tahiya."